Kan Jama'a: Daga Gonar Doya Zuwa Shafin Farko

Bahaushe kalma ɗaya gare shi ta abu biyu. Tsumman da manomi ke rataya wa sanda a tsakiyar gona don tsorata tsuntsaye da birai, mutum-mutumi ne. Siffar sarki ko jarumi da ake kafawa a shataletale a yi mata biki, ita ma mutum-mutumi ce. A shekarar 1943, a wata gonar doya cikin ƙasar Jama'a, ma'anonin nan biyu suka haɗu a jikin abu ɗaya.

Lokacin yaƙin duniya na biyu ne. Japan ta ƙwace Malaya, inda daular Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, don haka aka matsa wa filayen haƙar Jos da kewaye lamba, har da ɗiban mutane aikin tilas daga larduna. A wani wurin haƙa da ake kira Tsauni, cikin tuddan da ke kusa da tsohuwar Jama'a, ƙasa ta fito da kan mutum na gasasshen yumɓu, girmansa bai kai na kan gaske ba, idanunsa a huje, leɓɓansa a ɗan buɗe kamar mai shirin magana. Akawun wurin ya ɗauke shi ya kai gida. Ya dube shi ya ga aikin da ya dace da shi, ya kafa shi a gonarsa ta doya. Shekara guda kan nan yana gadi, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, kafin manajan kamfanin, wani Bature mai suna F. H. Townend, ya ƙyalla ido ya gan shi, ya ɗauke shi zuwa Jos.

Littattafan da ke ba da labarin nan sun riƙe sunan manajan. Wanda ya fara ɗaukar kan daga ƙasa kuwa, "wani akawu" kawai suke ce masa. A riƙe wannan, domin duk labarin da zai biyo baya na raɗa suna ne.

A Jos aka nuna wa wani ƙaramin jami'in mulki kan, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanci ilimin tonon kufai a Kambirij kafin ya shigo aikin gwamnatin mulkin mallaka a 1939. Yana ganinsa sai ya tuna da wani ƙaramin kai da ya taɓa gani a ajiye a ɗakin kayan sashen ma'adinai na Jos. Wancan tun 1928 aka tono shi, a zurfin ƙafa 24, a ramin kuzar wani Kanar Dent Young kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Ham, aka ce kan biri ne, aka ajiye aka manta. Bernard ya jera su biyu. Yumɓun iri ɗaya, gashin wuta iri ɗaya, hujin ido iri ɗaya. Ya shiga bin sansanonin 'yan kuza yana roƙon leburori da manajoji cewa duk wanda kwanonsa ya ɗebo wani guntun hannu ko ƙafa na yumɓu, kada ya jefar. A 1945 ya buga bayaninsa na farko a mujallar Africa. Sunan da ya zaɓa wa al'adar shi ne Nok, saboda a nan aka fara samu, kuma daga nan kayan suka fi fitowa.

Da alƙalami ya karkata kaɗan, da yau duniya tana cewa al'adar Jama'a. Ƙauyen Nok ya samu suna, Jama'a ta samu kai ɗaya, wanda har gobe ake kira Kan Jama'a a littattafan tarihin fasaha na kowane harshe. Mutumin Kafanchan da ke wucewa ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa kullum, da wuya ya san cewa sunan masarautar garinsa yana rubuce a ƙarƙashin hoto a ɗakunan karatu na Landan da Tokyo.

Yayan da ke Landan

Bernard ne ya tono, amma ba shi ya fi yawan rubutu ba. Yana da yaya, William Buller Fagg, wanda ya girme shi da kusan wata ashirin. An haifi William ranar 28 ga Afrilu 1914 a kudancin Landan. Mahaifinsu mai sayar da tsofaffin littattafai ne, kuma duk su biyu makarantar Dulwich suka yi kafin Kambirij. William ya fara da Latin da Girkanci, daga baya ya koma nazarin al'adun ɗan Adam. A 1938 ya kama aiki a babban gidan tarihin Birtaniya, British Museum, a sashen da ke kula da kayan al'ummun da Turawan wancan zamani ke kira marasa wayewa. Yaƙi ya ɗauke shi zuwa ma'aikatar ciniki na shekara biyar. Da ya dawo a 1945 aka damƙa masa kayan Afirka, kuma bai sake sakinsu ba har ya bar aiki a 1974, yana shugaban sashen tun 1969.

Sai an san yadda ake kallon sassaƙar Afirka a lokacin kafin a gane nauyin abin da ya yi. Masu nazarin al'adu suna ɗaukarta kayan tsafi, a liƙa mata lamba a jefa a akwati. Masu zane na Faris irin su Picasso suna sonta, amma son da ake yi wa abin tsintuwa: ba ruwansu da wanda ya sassaƙa, ko yaushe, ko don me. Da Bajamushe Leo Frobenius ya ga kawunan Ife a 1910, kyansu ya sa ya ce ba aikin baƙar fata ba ne, wai ragowar wata ɓatacciyar daula ce ta Atlantis. Cikin wannan hayaniya William Fagg ya zo da tambayoyin da ake yi wa zanen Italiya: hannun wa ne, a wane gari, a wane ƙarni, wa ya koya masa, wa ya kwaikwaye shi?

Makaminsa ido ne. Yakan ɗauki abu ya juya shi, ya dubi yadda aka yanke kunne, yadda aka zaunar da ƙwayar ido, ya ce wannan da wancan na Barlin hannu ɗaya ne. Ya yi abota da masu sassaƙa irin su Jacob Epstein da Leon Underwood, yana koyon yadda mai aiki da hannu ke gani. Daga 1947 zuwa 1965 shi ne editan mujallar Man ta ƙungiyar masana al'adu ta Birtaniya, ya mai da ita dandalin da ake kawo sabon labari daga Najeriya. Ƙane yana aiko da abin da ramin kuza ya fitar, yaya yana ba shi gurbi a idon duniya. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Ido kuma yakan yi kure. A 1948 aka kai kawunan tagulla na Ife Landan, William da Underwood suka duba wanda ake kira kan Olokun, suka yanke hukunci a 1949 cewa kwafi ne, na ainihi ya yi ɓatan dabo. Maganar ta zauna fiye da shekara sittin ba mai musu, saboda wanda ya faɗe ta. Sai da aka sake gwada ƙarfen da na'urorin zamani a 2010 masana suka karkata ga cewa shi ne na ainihin. Na kawo wannan ne don a san irin ƙarfin da kalmarsa ke da shi: in ya ce eh, farashi ya tashi, in ya ce a'a, abu ya koma bayan kabad.

Ya fara taka ƙasar Najeriya a 1949, ya dawo a 1953, lokacin da shi da Bernard suka yi aiki tare a Ife, ya sake dawowa a 1958 zuwa 1959. Ya ɗauki dubban hotuna na fadoji da wuraren bauta da masassaƙa a bakin aiki, waɗanda ke ajiye a Landan har yanzu. A tsakanin nan Bernard ya bar aikin mulki ya koma sashen kayan tarihi a 1947, ƙarƙashin Kenneth Murray, ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952, ya gaji Murray a 1957. Bernard ne kuma ya ja hankalin duniya ga zanen duwatsun Birnin Kudu da duwatsun nan masu amo kamar ƙararrawa idan an buga.

Littafin da ya fara da ƙasar nan

William ya yi rubutu da yawa, amma gajeru sun fi yawa: bayanin ƙasan hoto, gabatarwar baje koli, muƙala mai shafi biyu. Akwai The Sculpture of Africa na 1958 da ya yi da mai ɗaukar hoto Eliot Elisofon. Akwai Afro-Portuguese Ivories na 1959, inda ya raɗa suna ga kayan hauren giwa da masassaƙan gaɓar Afirka ta Yamma suka yi wa 'yan kasuwar Fotugal shekaru ɗari biyar da suka wuce. Shi ya kasa tarihin tagullar Benin gida uku, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, rabon da aka daɗe ana aiki da shi ana kuma gardama a kansa. A 1960, shekarar 'yancin kai, shi ya shirya baje kolin fasahar Najeriya a Landan.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Nigerian Images na 1963, da hotunan Bajamushe Herbert List. Littafin ya jera fasahar Najeriya bisa zamani, abin da ba a saba yi wa Afirka ba, domin an ɗauka ba ta da jiya balle shekaranjiya. Kuma da ya tashi jerawa, bai fara da Benin mai sarauta ba, bai fara da Ife mai tsarki ba. Da Nok ya fara. Ƙasar da masarautun Arewa suka daɗe suna kallo a matsayin dajin kamun bayi, ƙasar da Bature ya rubuta a taswirarsa da sunan yankin arna, ita ce ta zauna a shafin farko, sauran suka biyo bayanta. A 1966 littafin ya ci babbar kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya na farko da Shugaba Senghor ya shirya a Dakar.

Me William ya gani a jikin yumɓun nan? Duk wanda ya tsaya gaban ɗaya a gidan tarihin Jos ko na Kaduna ko na Legas zai iya gwada nasa idon. Cikinsu fanko ne, an gina su ne kamar yadda mace ke gina tulu, murɗi bisa murɗi, da yumɓu mai tsakuwa. Ido mai kusurwa uku ne ko rabin da'ira, gira ta lanƙwasa a samansa, ƙwayar a huje. Hanci da kunne da baki ma sau da yawa a huje suke, abin da ke ba iska hanya kada wuta ta fasa aikin. Kai ya fi jiki girma nesa ba kusa ba. Sai kitso da ado: tukkaye, doka, zanen gashi kala-kala, tsakiya jere a wuya da ƙugu da idon sawu. Akwai mai zaune ya ɗora haɓa a gwiwa, akwai mai ciwon ido, akwai mai shanyewar fuska, akwai giwa da maciji da biri. Masana sun lura cewa yadda aka yanke wasu fuskokin ya fi kama da aikin mai gizago a jikin itace, alamar cewa akwai sassaƙar itace da gara ta cinye ta bar mana yumɓu kaɗai.

William da Frank Willett, wanda ya yi tono a Ife, sun ga zare tsakanin Nok da Ife, har suka ɗauka wannan ce kakar waccan. Tunanin yana da daɗin ji, ya kuma yi wa sabuwar ƙasa amfani, tunda ya ɗaure Arewa da Kudu da igiya ɗaya tun kafin Gwamna Lugga. Sai dai tsakanin ƙarshen Nok da tashin Ife akwai shekaru kusan dubu, kuma masanan yau suna taka maganar a hankali.

Ƙabila ɗaya, salo ɗaya?

A nan ne nake ganin William ya rabu biyu. Rabi ɗaya ya yi abin da ya cancanci yabo har abada: ya nace cewa sassaƙar Afirka mutane ne suka yi ta, masu suna da gari da ubangida. Yawonsa a ƙasar Yarabawa ya taimaka wajen fito da sunaye irin su Olowe na Ise da Areogun na Osi, har aka koma rubuta sunan masassaƙi a ƙasan aiki maimakon "ba a san mai shi ba". Ɗaya rabin kuwa ya riƙe aƙidar cewa kowace ƙabila duniya ce mai ƙofa a rufe, salonta nata ne, maƙwabciyarta ba ta fahimtarsa. A 1964 ya shirya baje koli a Barlin mai taken ƙabilu ɗari, gwanayen ayyuka ɗari, ya biyo da littafin Tribes and Forms in African Art a 1965. 'Yan kasuwar kayan tarihi suka rungumi tsarin hannu bibbiyu, don ya sauƙaƙa musu liƙa suna da farashi.

Da ya zauna a kasuwar Kafanchan yini ɗaya ya saurara, da wataƙila ya sassauta. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1927, garin ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos, har Sarkin Jama'a ya ƙauro da fadarsa nan a 1933. Amma cuɗanya ta girmi dogo. Fantswam da Agworok da Bajju da Atyap da Ham da Gwong da Ninzo da Nikyob, ƙasa kaɗan, harsuna da yawa, aure yana ƙetare iyaka, maƙeri yana ƙetarewa, mai tukwane tana ƙetarewa. Ƙungiyar asirin maza da Bahaushe ke kira dodo, Atyap suna ce mata abwoi, Bajju abvoi, Ham ku, kuma tarihin baka na yankin ya nuna aronta aka riƙa yi daga wannan al'umma zuwa waccan. Hulunan rawa na itace masu adon jan idon zakara da suka fita daga yankin nan, har yau masu kundin gwanjo a Turai suna ruɗewa ko su rubuta Koro ko su rubuta Jaba. Sunan Jaba ɗin ma ba su suka raɗa wa kansu ba, Ham suke, kamar yadda Kaje Bajju ne, Kataf kuma Atyap. A 1984 wata masaniya Ba'amurkiya da ta yi bincike a ƙasar Idoma, Sidney Kasfir, ta rubuta muƙalar da ta tambayi ko da gaske ƙabila ɗaya salo ɗaya ce. Tun daga nan aƙidar ba ta sake miƙewa sosai ba.

Nok ɗin kanta ba ta shiga akwatin. An samu irin yumɓun daga wajen Kagara a Jihar Neja har Katsina-Ala a Binuwai, tazarar kusan kilomita 500. Wace ƙabila za a liƙa wa wannan? Mutanen Ham suna ɗaukar masu aikin a matsayin kakanninsu, suna alfahari da su a fadar sarkinsu, Kpop Ham, a Kwoi da wajen bikin Tuk Ham, kuma Bernard da kansa ya lura da kamannin ado da kitso tsakanin siffofin da mazauna yankin na zamaninsa. Masu tono suna cewa shekara dubu biyu tafiya ce mai nisa, mutane sun shigo sun fita. A ganina duka biyun suna da wurin zama. Wanda ƙasarsa ta rufa wa abu asiri tsawon wannan lokaci, yana da haƙƙin da gwajin na'ura ba ya bayarwa, ba ya kuma ƙwacewa. Abin da ba shi da kyau shi ne a mai da yumɓun sandar dukan maƙwabci a rigimar wa ya riga wa zuwa, a yankin da wannan rigima ta riga ta ci rayuka.

Kura da shan bugu

Bernard ya bar Najeriya a 1963 ya zama shugaban gidan tarihin Pitt Rivers a Oksfod, amma ya ci gaba da dawowa tono a Taruga, kusa da inda Abuja take yanzu. A can ya samu abin da ramin kuza ba zai taɓa ba shi ba: yumɓun Nok a mazauninsa, tare da murahun narka tama da kashin ƙarfe, waɗanda gwajin gawayi ya kai su ƙarni na huɗu kafin Miladiyya ko fiye. 'Yarsa Angela ta yi tono a Samun Dukiya kusa da Nok. Ciwon shanyewar jiki ya sa ya ajiye aiki a 1975, ya fitar da littafinsa Nok Terracottas a 1977, ya rasu a 1987. Ɗan ƙasa Joseph Jemkur ya ɗora daga nan, ya buga Aspects of the Nok Culture a Zariya a 1992.

William kuwa, bayan ya buɗe reshen gidan tarihinsu mai suna Museum of Mankind a 1970 da baje kolin kayan Benin, waɗanda sojan Ingila suka kwaso a 1897, ya yi ritaya ya koma mai ba kamfanin gwanjo na Christie's shawara, daga 1974 har 1990. Bayanan da yake rubuta wa kayan gwanjo ilimi ne tsantsa, ɗalibai suna karanta su har yanzu. Amma ilimin nan shi ne kuma ke sa attajiri ya ɗaga hannu. Ya rasu ranar 10 ga Yuli 1992, bai ga abin da ya biyo baya ba, kuma zalunci ne a ɗora masa laifin. Duk da haka ba za a ƙi faɗa ba: darajar da alƙalaminsa ya ba yumɓun nan ita ce ta zama farashi, farashin kuma ya zama diga da shebur.

Daga tsakiyar shekarun 1990 aka shiga haƙa gadan-gadan, daga wajen Kawu kusa da Bwari har cikin Kagarko da Kachiya da Jaba. Dokar 1953 ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, dokar soja mai lamba 77 ta 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ƙara ɗaurewa, amma doka a takarda take. Manomi ya bar gona ya shiga rami, dillali ya biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, kaya su bi ta Kwatano ko Lome, su ɓulla a Brussels da Faris da takardar gwaji. Har sana'ar haɗi ta samu: a tara gutsattsarin gaske daga wurare daban-daban a manne su su zama siffa ɗaya, in an ɗebi ɗan gari a gwada sai ya nuna tsufa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce ta mazauni. Siffar da aka fizge daga raminta ta zama kurma: ba ta faɗin shekarunta, ba ta faɗin abin da ke gefenta.

A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, Nok tana ciki. A watan Afrilun shekarar ne kuma aka buɗe sabon zaure a gidan tarihin Louvre, abin alfaharin Shugaba Jacques Chirac, sai ga siffofin Nok biyu a ciki da gwamnatin Faransa ta saya daga hannun wani dillali a Beljiyam, tare da wata ta uku irin ta Sakkwato. Aka yi ta cece-kuce. A 2002 aka sasanta: Faransa ta amince kayan na Najeriya ne, Najeriya ta amince su zauna a Faris aro na shekara 25, da damar sabuntawa.

Gero, atili da zuma

A 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, Peter Breunig da Nicole Rupp, suka fara sabon bincike tare da hukumar gidajen tarihi da jami'o'in Jos da Zariya, suka kafa sansani a Janjala cikin ƙaramar hukumar Kagarko. Mafi yawan wuraren da suka je, masu haƙa sun riga su. Abin da suka tsinta a sauran ya sauya lissafin 'yan'uwan nan biyu. Su Fagg sun sa Nok tsakanin shekara 500 kafin Miladiyya da 200 bayanta. Sabon awo ya nuna mutanen sun zauna a yankin tun wajen 1500 kafin Miladiyya, sun fara gina siffofin wajen 900, narka tama ta zo daga baya, kuma al'adar ta shuɗe wajen farkon Miladiyya. Kusan kullum a farfashe ake samun siffofin, an tara gutsattsarin a rami da gangan, sau da yawa kusa da jerin duwatsu da tukwane da tsakiyar dutse waɗanda ake kyautata zaton kaburbura ne, ko da yake ƙasar yankin mai tsami ce, ba ta barin ƙashi. Ke nan masu su ne suka fasa su da hannunsu. Abin da Turai ke sa wa fitila a cikin gilashi, su binne shi suka yi.

Sun kuma gano abin da ke cikin tukunya, wanda ni ya fi burge ni. Gero suke nomawa, da wake, suna cin atili, wannan atilin da ake jiƙawa a ruwan ɗumi ana sayarwa a bakin hanyar Kagoro. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol suka sanar cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da aka samu ragowar maiƙo a jikinsu suna ɗauke da kakin zuma, shaida mafi tsufa ta cin zuma a Afirka ta Yamma, shekara 3,500 ke nan. In da tsohuwar zuma ake magani, to ga ta nan.

An baje kolin sakamakon a Frankfurt daga ƙarshen 2013. A watan Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Breunig da abokin aikinsa a wajen tono kusa da Janjala, suka harbe mutum biyu na ƙauyen da suka bi sawunsu don ceto. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki. Jaridun duniya sun cika da sunayensu. Aikin tono a wurin bai sake komawa yadda yake ba.

Yau in ka tashi daga Kafanchan ka nufi Kwoi da rani, citta za ka yi ta gani an shanya a gefen titi, duk da annobar da ta cinye gonakinta a 2023 ta jefa dubban manoma cikin bashi. Daga Kwoi zuwa Nok tafiya kaɗan ce. Ƙauye ne a gindin duwatsu, da ɗan ƙaramin gidan tarihi na hukuma, da kogunan dutse da tsofaffin rumbuna da masu rakiya ke nuna wa baƙo. Manyan kawunan da suka sa aka san sunan ƙauyen ba su nan. Littattafan William Fagg ma ba a fassara ko ɗaya da Hausa ko harsunan yankin irin su Hyam da Jju ba, kuma tsohon kwafin Nigerian Images ya fi sauƙin samu a shagon Landan irin na mahaifinsa fiye da kowane ɗakin karatu tsakanin Kwoi da Zonkwa.

Kan Jama'a yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ya yi yawon baje koli a ƙasashen waje ya dawo. Biyun da ke Faris kuwa, wa'adin aronsu na shekara 25 zai cika a 2027.